Haruffa Goma Sha Shida na A-Yiu

Mak Yiu ya shigo shagonmu ne a daminar shekarar saba'in da shida, kuma ni na fara ganinsa. Ina zaune bakin ƙofa ina sassaƙa ƙwayoyin majong, wasan da mutum huɗu ke yi da ƙananan ƙwayoyi masu zane, aikin da na yi shekara arba'in da 'yan kai ina yi a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene a unguwar Yau Ma Tei ta Hong Kong. Na ɗaga kai sai ga wani ƙato, fatarsa da duhu, gashinsa a murɗe, tsaye cikin yayyafi yana kallon allon da ke rataye saman ƙofarmu. Ba komai a allon sai manyan ƙwayoyi biyu da aka zana, ja da kore. Ya nuna su da yatsa, ya karanta da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya: "Tsakiya! Arziki!" Sai ya fashe da dariya shi kaɗai, har mai sayar da rake na gefenmu ya janye kekensa baya.

Daga baya na san dalilin dariyar. Wata biyu da rabi ya yi a Hong Kong, kuma allonmu ne rubutu na farko da ya iya karantawa daga farko har ƙarshe.

A Madagaska aka haife shi, a wani gari na bakin teku inda ubansa yake da kanti yana sayen kanumfari daga manoma. Uban ɗan garin Shun Tak ne, nan kusa da Hong Kong, uwar 'yar ƙasar ce. Uban kullum yana daji wajen saye, don haka kakarsa ta wajen uba ce ta raine shi a bayan kanti. A bakinta ya ɗauki Kantonanci, harshen da muke yi a nan, kuma ba ta san rubutu ba, sai majong. Makarantar da ya yi ta 'yan mishan ce, da Faransanci. Da kasuwar kanumfari ta lalace musu, sai ya bar matarsa Marceline da 'ya'ya mata biyu a gidan surukai, ya taho nan da izinin zama na wata uku. Idan ya sami wanda zai rubuta masa takardar cewa ya ɗauke shi aiki, za a bar shi ya zauna, har ya kira iyalinsa. Idan bai samu ba, sai ya koma. Ranar da ya tsaya ƙofarmu, saura mako biyu izinin ya ƙare, ranar wata Juma'a.

Mai shagon mace ce, matar marigayi maigidana. Sunan gidansu Tsang, amma duk layin Gwaggo ta Uku ake ce mata. 'Yar ƙarama ce, muryarta kuwa har tashar bas ake jin ta. Ta leƙo ta dube shi sama da ƙasa, ta ce mini, "Bing, gaya masa ba ma jin Turanci."

Kafin in buɗe baki, ƙaton ya sunkuyo ya ce, "'Yar nan, kin ci abinci kuwa? Dubi yadda kika bushe. Haba, ba a zama da yunwa, iska za ta ɗauke ki."

Wuƙar sassaƙa ta kusa yankar mini yatsa. Kantonanci ne tsantsa, amma irin na tsofaffin matan ƙauye waɗanda aka binne tun kafin yaƙi. Ga mutum ya cika ƙofa, ga muryar kakarka tana fitowa daga bakinsa. Gwaggo ta Uku, wadda ta haura hamsin kuma ba wanda ya ce mata 'yar nan tun ranar aurenta, ta yi sakato da baki.

"Wa ya koya maka magana?"

"Kakata."

"Ai na ji. Ka ga takardar da ke jikin ƙofa?"

Akwai jar takarda manne a ƙofar, ta neman ɗan dako mai kai kaya gidaje. Ya waiwaya ya dube ta. "Na gan ta," ya ce. Bai yi ƙarya ba, ganinta ya yi.

"Ka san majong?"

Ta zazzage akwati guda kan tebur, ƙwaya ɗari da arba'in da huɗu, ta kife su duka. Ya ɗauki ɗaya bai juya ta ba, ya shafa cikinta da babban yatsa, ya faɗi abin da aka sassaƙa. "Kudu." Ya ajiye, ya ɗauki wata. "Bakwai na dubu goma. Arewa. Wannan gora uku. Wannan Arziki ce, amma ja'irin da ya sassaƙa ta yunwa yake ji, bai nutsa wuƙar ba." Ni ne ja'irin. Na karɓa na duba, gaskiyarsa ne. Cikin ɗan lokaci ya jera akwatin tsaf, idonsa na kan silin.

Gwaggo ta ce, "Gwaji na kwana goma. In ka yi, in rubuta maka takardarka. In ba ka yi ba, ka koma wajen kakarka."

"Ta rasu, 'yar nan."

"To ka daina ce mini 'yar nan, ko in haɗa ka da ita."

Kafin mako ya zagayo, duk layin Kaka Yiu suke kiransa. Mai rake ya kan ƙwala masa kira, "Kaka, ina zanin goyonki?" Shi kuma ya amsa, "Zo in goya ka, ɗan nema, in ga ko za ka yi tsawo." Aiki kuwa ba a magana. Akwati huɗu yake ɗaurewa da igiya ya hau bene hawa shida bai tsaya ba. Idan an gama cin shinkafar rana, sai ya zuba ruwa kan ƙanzon tukunya ya tafasa ya sha, ya ce haka suke yi a garinsu, shayinmu ciyawa ce kawai.

Al'adar Gwaggo ce idan tana rubuta adireshi ta riƙa faɗarsa da ƙarfi, harafi bayan harafi, kamar tana faɗa da takardar. Yiu ya kan tsaya gefe, kansa a sunkuye, leɓensa na motsi. Ya karɓi takardar ya dube ta da muhimmanci, ya sa aljihu, ya tafi. In ya rikice a hanya sai ya tambayi mutane sunan titin da baki. Bai taɓa ɓata ba.

Ni a wajen mai taliya na gano shi. Sunayen abinci a rubuce suke jikin bango, kowa ya ɗaga kai ya zaɓa. Yiu ya kan ɗaga kai shi ma, ya yi jim, sannan ya ce, "Abin da Yaya Bing ya ce." Rana ta uku na ce a ba ni garahuni mai ɗaci da naman sa. Na ga yadda yake haɗiyarsa, idonsa na ruwa. Rana ta huɗu na sake cewa garahuni, da gangan. Ya dubi bango, ya dube ni, ya ce, "Abin da Yaya Bing ya ce," muryarsa kamar ta mai zuwa kotu. Na ce masa a hankali, "Haruffa nawa ka sani?" Ya ajiye tsinken cin abinci. Sannan ya lissafa mini: ɗaya zuwa tara, da dubu goma, da Gabas, Kudu, Yamma, Arewa, da Tsakiya, da Arziki. Goma sha shida. Abin da ke jikin ƙwayoyin majong ke nan, ba ƙari.

Ya ba ni labarin inda ya nema kafin mu. Gidan shayi sun kore shi a rana ta biyu, don ba ya iya karanta 'yan takardun da ake miƙa wa mai dafuwa. Kantin magani akwatuna ɗari uku ne, kowanne da suna a goshinsa. A wani sito kuwa da ya faɗi gaskiya tun daga ƙofa, magatakardan ya kira abokansa su zo su ga mutum mai baki ba ido. Tun ranar ya daina nuna wa kowa takarda ya ce a karanta masa.

Na ce, "Ni ma aji uku na yi. In ta ba ka takarda ba ka ji ba, kawo mini."

Ranar Juma'a ta makon farko abubuwa biyu suka haɗu. Gwaggo ta je aka cire mata haƙori da sassafe, ta dawo baki cike da auduga, kumatu kamar ta ɓoye ƙwai. Ni kuma na tafi Sham Shui Po sayen fenti. A ranar ne za a kai wani akwati na musamman, wanda na yi mako uku ina sassaƙawa. Wani Mista Pun ne ya sa a yi wa mahaifiyarsa kyauta, za ta cika tamanin, ana walima a wani gidan abinci a Titin Sai Yeung Choi, lamba casa'in da takwas. Tafiyar minti goma ce daga shagonmu. Gwaggo ta rubuta adireshin shiru, karo na farko a rayuwarta, ta miƙa wa Yiu, ta nuna masa ƙofa. Ƙarfe goma na safe ke nan.

Ƙarfe biyu Mista Pun ya bugo waya. Ƙarfe uku ya sake bugowa. Gwaggo ba bakin amsawa, ni da na dawo na sha zagin. Na ɗauki wani akwati na talakawa na ruga da shi, na yi alkawarin sabo cikin wata guda. Mai rake ya ce shi dama tun farko ya san ƙaton nan ɓarawo ne.

Wajen ƙarfe biyar sai ga Yiu, ba akwati, da ledar lemo a hannu, fuskarsa fal da murna. "Na kai," ya ce. "Sun gode ƙwarai. Wannan naki ne, in ji su."

Gwaggo ta miƙe. Ta buɗe baki za ta yi ihu, zafi ya kama ta, ta dafe kumatu. Ta buga tebur da hannu har ƙwayoyi suka yi tsalle. Sannan ta fizgi takarda ta rubuta manyan haruffa, alƙalamin na yaga takardar, ta ɗaga ta gaban hancinsa. Ina ka kai shi, abin da ta rubuta ke nan.

Yiu ya dubi takardar. Ya duba daga sama zuwa ƙasa, ya sake dubawa. Murnar ta sauka daga fuskarsa a hankali. Ya ce, "Gwaggo, a nan babu ko ɗaya da na sani."

Ta dube shi, ta dube ni. Na sunkuyar da kai kan aikina. Ta zaro audugar daga bakinta ta jefar, ta ce da ƙyar, "Faɗi."

Ya ciro adireshin daga aljihu ya shimfiɗa. Sunan titin da harafin Yamma ya fara, wannan ya gane shi nan take. Uku na bayansa baƙi ne a wurinsa. Sai Tara. Sai wani harafi mai layi biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Sai Takwas. Harafin tsakiyar Goma ne, don mu tara-goma-takwas muke rubuta casa'in da takwas. Amma majong a tara ya tsaya, babu goma a cikinsa. Yiu kuwa a hannun limaman coci ya yi karatu, don haka da ya ga layi biyu sun gitta, abu ɗaya ya gani: gicciye.

"Sai na ce Yamma, to Unguwar Yamma ce, can tsallaken ruwa. Na shiga jirgin fito, na hau tarago mai zuwa yamma, na ƙirga tasha tara na sauka. Na ɗaga kai, wallahi Gwaggo, sai ga gicciye a kan tudu. Na hau. Coci ne, a bayansa gidan tsofaffi na sistoci. Na ce saura takwas. Na leƙa tsakar gida, ga tsofaffin mata zaune a benci suna kallon bango. Na ƙirga su." Ya ɗaga yatsu. "Takwas cif."

Mai rake, wanda ya shigo kallo, ya durƙushe ƙasa yana riƙe ciki. Ni na ciji leɓe har na ji jini. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Gobe. Ku biyu. Mu karɓo." Ta ɗauki jakarta ta fita, ta bar lemon kan tebur.

Da muka rufe shago Yiu ya zauna kan matakala. Ya ce, "Yaya Bing, saura kwana bakwai. Na riga na rubuta wa Marceline cewa ta fara sayar da kaji."

Washegari muka tsallaka ruwa mu uku. Tun daga ƙasan tudu muka jiyo ƙarar ƙwayoyi ana cakuɗa su, kamar ruwan sama kan kwano. Babbar sistar ta tarye mu a ƙofa, ta saurari Gwaggo, ta ce ita ma ta yi mamaki, don ba a taɓa aiko musu da irin wannan sadaka ba. Ta ce in kuskure ne a ɗauka, ba komai. Ta ƙara da cewa jiya uku daga cikinsu sun ci abincin dare har da neman ƙari, abin da ba su yi ba tun bara.

A tsakar gida an jawo tebur ƙarƙashin inuwa. Uku na zaune suna wasa, sauran na tsaye a kansu suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Gyaɗa suke sawa a maimakon kuɗi. Da suka ga Yiu sai wurin ya kaure. "Ga ɗanmu! Ga ɗan Afirka!"

Gwaggo ta ce, "Tattara."

Yiu bai motsa ba. "Gwaggo, ki kore ni in kin ga dama, laifina ne. Amma hannuna ba zai ɗauke shi daga gabansu ba."

"Bing."

Na ce yatsana na ciwo.

"Ragwaye," ta ce. Ta naɗe hannun riga ta nufi teburin, ta miƙa hannu kan ƙwayoyin. Tas! Wata tsohuwa da ake kira Inna Luk, shekararta casa'in da ɗaya, idanunta sun yi fari ba ta gani, ta make mata bayan hannu.

"Wace mara kunya ce wannan? Ba a taɓa ƙwayoyin da aka jera kafin a jefa ɗan lido. In wasa kike so ki zauna, ga kujerar A-Fung nan, an tafi yi mata allura."

"Inna, ni ba wasa na zo ba, kayan nan..."

"Ba ki iya ba ke nan. Ku ba ta hanya ta wuce, 'yan matan yanzu sai kwalliya."

A gaya wa Gwaggo ta Uku ba ta iya majong ba! Ta ja kujera ta zauna. Ta ce zagaye ɗaya kawai.

Har aka buga ƙararrawar azahar tana nan. Inna Luk ba ta ganin komai, da yatsa take karantawa, a gaya mata abin da aka jefar, sauran kuma yana kanta. Sau biyar ta cinye Gwaggo. Gyaɗar da aka ranta wa Gwaggo ta ƙare, ta koma cin bashin ɓawo. Tun tana huci har ta fara zagi, daga zagi ta koma dariya, tana dafe da kumatu tana cewa wayyo haƙorina. Inna Luk ta shafa wata ƙwaya ta ce, "Wa ya sassaƙa wannan?" Na ce ni ne, Inna. Ta ce, "Ba laifi. Amma Yammarka ta karkace." Yiu ya ce, "Shi ya sa na ɓata." Har sistar sai da ta juya baya tana rufe baki.

Da muka tashi tafiya Gwaggo ba ta ko dubi akwatin ba. A bakin ƙofa ta ce wa sistar, "In za ku rubuta wanda ya bayar, ku sa sunan mijina, Tsang Fuk Loi. Ya rasu." Ta juyo kaina. "Kai kuma ka fara na Mista Pun ranar Litinin, kar ka karkata masa Yamma."

A jirgin fito ta zauna tsakaninmu. Sai da muka kai tsakiyar ruwa ta yi magana.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Da na faɗa, da kin ɗauke ni?"

"Da ban ɗauke ka ba."

"To kin ji."

"Nawa ka sani?"

"Goma sha shida."

Ta kama tafin hannunsa, ta zana layi biyu da farce, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, da ƙarfi har ya yi alama. "Wannan Goma ce, sakarai. Goma. Ba coci ba."

Ya dubi tafin. "Sha bakwai ke nan."

"Da wane harafi ake rubuta sunanka? Haruffan da ake karantawa Yiu suna da yawa."

Bai sani ba. Amma ya zaro wata 'yar jaka daga wuyansa, a ciki akwai jar takarda da ta tsufa, wadda kakarsa ta sa aka rubuta ranar haihuwarsa. Gwaggo ta duba, ta mayar masa. Da muka sauka ya ja ni gefe ya ce, "Alama ce mai kyau, ko?" Na ce ban sani ba, takardar sallama ma da suna ake rubuta ta.

Ranar Litinin da tsakar rana ta miƙa masa ambulan, ta ce, "Ku je ku ci abinci," ta koma kan wayarta. Muka tafi wajen mai taliya. Ya buɗe, ya tura mini. Rubutun Gwaggo gudu yake yi, haruffan na hawa kan juna, ni kuma aji uku na yi. Na sa yatsa na bi a hankali.

"Mutumin nan... Mak Yiu..."

"Na san sunana. Gaba."

"A shagona... wannan ban gane shi ba... wannan ma..."

"Yaya Bing, zuciyata za ta faɗo cikin miya."

"Ga Aiki nan. Gabansa kuma Dogo."

"Dogo? Tsawona take gaya musu?"

Mai taliya ya leƙo ta kan kafaɗata da ludayi a hannu. "Dogon aiki, Kaka. Ma'aikaci na dindindin. Ta ce kai ne mai kai kaya kuma mai duba ƙwayoyi, ba ta da wani madadinka. Ku matsa, kuna tare mini kwastomomi."

Yiu ya kife fuska cikin hannuwansa, kafaɗunsa na girgiza. Da ya ɗago ya share ido da gefen riga, ya ce wa mai taliya, "Ɗan albarka, karanta mini duk abin da ke bangon nan, daga farko. Ban da garahuni."

Da muka koma ya tsaya gaban Gwaggo zai yi godiya, ta katse shi. "Sharaɗi ɗaya. Takardar ofis sai ka sa hannu. Ba za ka je ka dangwala yatsa kamar ɓarawo ka kunyata shagona ba. Ka koyi rubuta sunanka kafin Juma'a."

Mak zane goma sha ɗaya ne, da sauƙi-sauƙi. Yiu kuwa zane ashirin ne. Na rubuta masa a takarda, ya kwaikwaya, abin ya fito kamar an taka kyankyaso. Ya ce, "Kaka, me na yi miki? Ga mutane sunansu layi uku." Ranar Talata ya cika takarda goma bai yi ko ɗaya daidai ba. Sai na ɗauki ƙwaya biyu marasa zane, na sassaƙa Mak a ɗaya, Yiu a ɗaya, na nutsa wuƙar sosai. Ya sa su aljihu. Yana tafe da kaya a kafaɗa, hannu ɗaya na aljihu yana shafawa. Ranar Alhamis da yamma ya rubuta a bayan kwali, Gwaggo ta ɗaga ta duba ta ce, "Mummuna ne, amma shi ne."

Ranar Juma'a na raka shi ofishin shige da fice. Ya sa farar riga ta aro wadda maɓallinta na sama bai rufu ba. Muka yi awa uku a layi. Magatakardan saurayi ne mai tabarau. Ya karanta takardar Gwaggo, ya duba fasfo, ya cika abin da zai cika, ya nuna wurin sa hannu. Yiu ya gyara tsayuwa, ya ja numfashi, ya fara zanen farko.

Magatakardan ya leƙo. "Kawu, ba sai ka wahala ba. Yadda yake a fasfo ma ya isa, da rubutun Turawa."

Yiu ya tsaya, ya juyo ya dube ni. Na dubi silin.

"A'a, yaro na," ya ce. "Na riga na zo da shi."

Ya ci gaba. Na bayansa suka fara gunaguni, wani ya ce ko wasiƙa yake rubuta wa sarauniya. Bai kula ba. Zane talatin da ɗaya, bai tsallake ko ɗaya ba, harshensa a waje. Da ya gama, magatakardan ya juyo da takardar ya karanta, "Mak Yiu," ya ɗauki hatimi ya buga.

Daga nan gidan waya muka wuce, ya aika wa Marceline saƙo. Ta iso bayan wata bakwai da 'yan matan biyu da buhun shinkafa, don ba ta yarda akwai ta kirki a nan ba. Ɗaki ɗaya suka fara kamawa a saman wani shagon katifa. Yiu ya yi shekara ashirin da biyu tare da mu, har ranar da aka rushe benen. Ƙaramar 'yarsa tana tuƙa jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa yanzu, babbar kuma ta koma Madagaska da mijinta, sun buɗe gidan burodi. Shi da Marceline suna Tuen Mun, gwiwa ta hana shi hawa bene, amma duk ranar Talata yana shigowa gari mu sha shayi.